Amsa ga ƙanina mai shirin zuwa karatu Osaka

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanina da ya yi tambaya jiya, wai in ya iso Japan me zai riƙa ci, tunda ya ji ɗanyen kifi ne abincinsu ga kuma tsada, to saurara.

Kwantar da hankalinka. A bayan layinmu nan Osaka akwai wani ɗan gidan abinci, irin wanda suke kira shokudo, wani tsoho da matarsa ke riƙe da shi, kujerun ba su fi goma ba. Abin da nake ci a can sunansa teishoku: tire guda, shinkafa, gasasshen kifin saba da gishiri kawai aka sa masa, romon miso (tsumammen waken suya) mai zafi, da ɗan ganyen da aka tsuma. Da rana ban cika biyan sama da yen 1,000 ba. Ruwa da koren shayi kyauta ne, kuma kada ka bar musu tukuici, ba al'adarsu ba ce. Wallahi ran da sanyi ya matsa, romon nan shi ke dawo min da raina.

Shi kuwa sushi, asalinsa shinkafa ce da aka tsamama da binega, kifin ɗorawa ake yi. Akwai na ƙwai, tamago, akwai na dafaffen jatan lande, da su za ka fara. Mai araha shi ne kaiten-zushi, inda faranti ke zagayowa a kan bel ka ɗauki wanda ya yi maka, a ƙirga farantanka a ƙarshe. A nan Higashi-Osaka, garin da ke maƙwabtaka da Osaka, ma aka fara buɗe irinsa a 1958. A manyan gidajen irinsa, su Sushiro da Kura, faranti mafi araha bai wuce yen ɗari da 'yan kai ba. Za ka ji ana cewa gari, to ba garin rogo ba ne, citta ce yankakkiya. Koren nan wasabi kuma, yajinsa hanci yake hawa, taɓa kaɗan.

Yanzu abin da ya fi damuna, maganar halal. Riƙe kalmar buta, kamar butar alwala. Da Japananci alade ke nan. Tonkatsu alade ne, romon taliyar ramen na tonkotsu ƙashin alade ne, miyar korinsu, wadda suke kira kare, ita ma sau da yawa da shi ake yi. Sai mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a girki, tana cikin romon da ake shafa wa kifin unagi da gashin teriyaki. Shi ya sa nake zaɓar mai gishiri, shioyaki. Kaza da naman shanu kuma galibi ba yankan Musulmi ba ne, ni dai na tsaya kan kifi.

Tsohuwar nan ta shokudo sau ɗaya na yi mata bayani, har yau da na shigo sai ta ce saba ko? In ka sauka ka kira ni, can za mu fara zuwa in sha Allah.