Miksa da kwamfuta: me ya sa muryoyi ke fitowa a cakuɗe?

Tambaya: Malam, ina da miksa irin ta da mai tashoshi 12, ina kuma ɗaukar sauti a kwamfuta da manhajar Cubase. In na ɗauki mawaƙi da 'yan amshi da mai ganga, sai duk su fito a layi ɗaya, ba damar gyara kowa shi kaɗai. Wani lokacin kuma lasifika ta dinga ƙara mai tsini. Ko miksar ce ta lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, miksarka lafiyarta ƙalau, aikinta take yi. Don haɗawa aka ƙera ta. Ko makirufo goma ka jona mata, abin da ke fita ta ramin Main Out biyu ne kacal, hagu da dama, Cubase kuwa abin da aka miƙa masa yake ɗauka. Ganga in ta shige cikin murya ta zama tawada a ruwa, ba mai tsamo ta. Yawancin ƙananan miksoci masu USB ma layi biyun nan kaɗai suke turawa.

In kana son kowa da layinsa, duba ko tashoshin suna da ramin Direct Out, mai fitar da sautin kowace tasha shi kaɗai. Daga nan za ka ja waya zuwa saun kad, wato na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, mai mashiga 4 ko 8. In babu, ramin Insert zai fisshe ka: soka jak ɗin, wato kan wayar, rabi kawai, sautin zai fita ba tare da ya yanke a tashar ba. Ni dai ba na sakin jiki da wannan dabara, waya na ɗan motsawa aiki ya ɓaci. A saun kad ɗin ka shiga ta Line, kada ta Mic, domin miksa ta riga ta ƙara wa sautin ƙarfi. Ka saita ingancin ɗauka a bit 24, ma'aunin ƙarfin sauti yana yawo wajen -18 dBFS, ba sai ya taɓa ja ba.

Ƙarar nan kuwa zagaye sautin ke yi. Ka dawo da shi daga kwamfuta cikin wata tasha ta miksar, ya bi Main Out ya sake komawa kwamfutar, haka ba iyaka. Mayar da shi ramin 2-Track ko Tape In na miksar, ka tura shi hedifon da lasifikar sauraro kaɗai. Sannan kashe maɓallin sauraro na layin da kake ɗauka a Cubase, mawaƙi ya ji kansa ta miksar kai tsaye. A nan ma tsohuwar miksa ta fi amfani, don muryarsa za ta iso kunnensa ba jinkirin da kwamfuta ke sawa.