Obama a Majalisar Jihar Illinois

Tambaya: Malam, shin gaskiya ne Barack Obama ya taɓa zama ɗan majalisar jiha?
Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Ƙwarai kuwa. Ya wakilci wata mazaɓa ta birnin Chicago a majalisar dattawan jihar Illinois daga 1997 zuwa 2004. Aikinsa da na fi jinjina wa shi ne dokar 2003, wadda ta wajabta naɗar tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa wanda ake zargi da kisan kai, don kada a tilasta masa amsa laifin da bai aikata ba. Da farko 'yan sanda sun ƙi, amma ya yi ta zama da su har suka amince.