Tambayoyi da Amsoshi: Furotin da ke Riƙe da Zaren Gado

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya a Kano. Malaminmu ya ce zaren DNA da ke cikin ƙwayar halitta guda ɗaya ya kai kusan mita 2. Ta yaya zai shiga wurin da ido ma ba ya iya gani?

Amsa: Malaminku ya faɗi gaskiya, kuma sirrin yana wajen naɗi. Kamar yadda masaƙi yake naɗe zarensa a jikin kwarkwaro don kada ya sarƙe, haka DNA, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado, take naɗuwa a jikin wasu furotin da ake kira histon, waɗanda Bajamushe Albrecht Kossel ya gano a 1884. Histon takwas ne suke haɗuwa su zama dunƙule ɗaya, wato biyu-biyu daga nau'o'insa huɗu, H2A, H2B, H3 da H4, sai zaren ya zagaye dunƙulen kusan sau biyu da tsawon harufan gado 147. Abin da ke manne DNA da histon shi ne bambancin cajin lantarkinsu, domin kishiyoyi ne masu jan juna. Waɗannan dunƙule suna jeruwa kamar 'ya'yan carbi, sannan a ƙara naɗe su har su zama kuromosom 46. Inda naɗin ya yi tsauri, ƙwayar gado, wato sashen DNA mai ɗauke da umarnin yin wani furotin, ba ta karantuwa, inda kuwa ya sassauta sai ta fara aiki.

Tambaya: Likita, ɗana yana da sikila, amma har ya yi wata biyar lafiyarsa ƙalau, sai daga baya hannuwansa suka fara kumbura. Me ya sa ciwon bai bayyana tun haihuwa ba?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Jariri yana zuwa duniya da sinadarin jini irin na ɗan tayi, wanda ake kira HbF, kuma shi ba ya lanƙwasa ƙwayoyin jini. Bayan haihuwa, wani furotin mai suna BCL11A yana kama DNA da wasu sassansa masu siffar yatsu, waɗanda ƙarfen zink ke riƙe da su, ya rufe ƙwayar gadon HbF. Yayin da HbF ke raguwa wajen wata shida, sinadarin sikila yana maye gurbinsa, shi ya sa kumburin hannu da ƙafa yakan zama alamar farko. A kan wannan sani aka gina maganin Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, mai rage aikin BCL11A a ɓargo. Sai dai kuɗinsa ya haura dala miliyan 2, don haka ban ga amfanin ɗora miki rai a kansa yanzu ba. Abin da ke hannunmu shi ne hydroxyurea, wanda shi ma yana ƙara HbF, amma kada ki fara ba shi sai likitan yara ya auna jininsa ya ƙayyade adadin.

Tambaya: Likita, ko waɗannan furotin suna da alaƙa da ciwon daji?

Amsa: Suna da ita, Malam. Furotin p53 yana hawa kan DNA ya dakatar da ƙwayar halittar da ta lalace, ko ya sa ta mutu kafin ta hayayyafa. A kusan rabin cututtukan daji ana samun ƙwayar gadonsa, wadda take kan kuromosom na 17, ta sami tangarɗa, galibi a daidai sashen da yake kama DNA da shi.