Amsa: Wa ke sama da wa a yaƙin Koriya da Japan na 1592?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko janar-janar ne ke riƙe da ragamar mulki a Koriya lokacin da Japan ta kawo mata hari a 1592. A'a, masu alƙalami ne a sama.

A daular Joseon, wadda ke mulkin Koriya a lokacin, ma'aikatan sarki kashi biyu ne, na farar hula da na soja, kowane da jarrabawarsa. Matakan muƙami tara ne, kowanne an raba shi babba da ƙarami, sun zama 18. Amma ko da wuta ta kama, Ryu Seong-ryong, ma'aikacin farar hula kuma babban wazirin Sarki Seonjo, shi aka ɗora wa kula da harkar yaƙi. Gwon Yul ma, wanda ya ci nasara kan Japan a sansanin Haengju a 1593 har ya zama babban kwamanda, jarrabawar farar hula ya ci.

Yi Sun-sin kuwa ta ƙofar soja ya shigo, a 1576. A 1593 aka ba shi sabon muƙami, kwamandan sojan ruwa na larduna uku. Duk da haka, a 1597 fada ta tuɓe shi, ta mai da shi ƙaramin soja. Abin takaici! Sai da magajinsa Won Gyun ya salwantar da mafi yawan jiragen yaƙin kafin aka dawo da shi.