Kullum ina kan keke, amma ƙafata sai ƙara nauyi take yi

Tambaya: Assalamu alaikum Koci. Shekarata 28, ma'aikaci ne ni, kuma wata takwas ke nan da na fara shiga tseren keke na 'yan sha'awa. Kullum da sassafe nakan yi kilomita 40 zuwa 50 kafin in tafi aiki, ba na fashi ko na rana ɗaya, kuma da iyakar ƙarfina nake taka feda. Da farko na ga ci gaba sosai. Amma mako shida ke nan abokan da nake bari a baya su ke wuce ni a hawa, cinyoyina sun yi nauyi, barcin kirki ma ya gagare ni. Saura mako biyar gasa. In ƙara nisan ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ƙara ko kilomita ɗaya. Gobe da jibi ma ka jingine keken a bango ka bar shi ya huta, kai ma ka huta.

Na san abin da ke ranka yanzu, domin na taɓa zama inda kake. Shekarar da na fi kowace shekara naci, na saba ƙirga bugun zuciyata da safe kafin in sauko daga gado, nakan samu 48 a minti ɗaya. Sai ya koma 58, ya kwana huɗu a haka, na ce ai ba komai. Ranar gasa, muna kilomita na 60, muka shiga wani hawa da na sha haye shi ina hira. Na miƙe tsaye a kan feda, ƙafa ta ƙi amsawa. Ina kallon tayar wanda ke gabana tana nisa, taku ɗaya, taku biyar, har na daina jin ƙarar kacarsa. Na sauka a gefen titi hannuna na rawa, murfin gorar ruwa ya gagare ni buɗewa. Sai da na yi kusan wata biyu kafin na dawo daidai. Jiki magayi, ya daɗe yana faɗa mini, ni ne na toshe kunne.

Ga yadda abin yake. Duk atisaye mai wahala ɓarna yake yi wa jiki: yana yi wa zaren tsoka ƙananan raunuka, yana ƙone makamashin da aka tara a cikinta. A lokacin barci da hutu ne jiki ke ɗinke abin da ya yage, har ya ɗora ƙari don kada gobe a sake kama shi haka. Wannan ƙarin shi ne ƙarfin da kake nema. Kai kuwa kullum kafin a gama ɗinkin jiya ka sake yagawa.

Akwai wani masani ɗan Amurka da ke koyarwa a Norway, Stephen Seiler, wanda ya daɗe yana bin diddigin yadda manyan 'yan tseren nesa ke atisaye: masu keke, masu gudu, masu tuƙa kwalekwale. Abin da ya gani shi ne kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a hankali suke yinsa, kashi 20 kacal ne mai zafi. Mu 'yan sha'awa kuwa tsakiya muke maƙalewa. Ranar sauƙi ba ma yin sauƙi saboda kunyar a wuce mu, ranar wahala kuma ba mu da sauran ƙarfin da za mu matsa da gaske. A ganina wannan ita ce babbar cutar da ke cin ƙungiyoyin masu keke, kuma girman kai ne ke ciyar da ita.

Ba sai kana da agogon auna bugun zuciya ba kafin ka gane tafiyar sauƙi. In kana iya yi wa na kusa da kai magana cikakkiya ba tare da haki ya katse ka ba, kana daidai. In kalma uku uku ke fita, ka wuce gona da iri, sassauta giya.

To ga yadda zan raba maka makonni biyar ɗin nan. Makon farko, bayan hutun kwana biyu, fita uku kawai, kowace ƙasa da awa ɗaya, duk a hankali. Za ka ji kamar kana asara, ka daure. In bugun zuciyarka na safiya ya sauko kuma barci ya dawo, a mako na biyu da na uku sai ka sa ranakun wahala biyu a mako, da tazarar aƙalla kwana biyu a tsakaninsu. Ka ɗumama jiki minti 15, sannan ka matsa na minti 8, ka sassauta minti 2, ka maimaita sau huɗu. Seiler da abokan aikinsa sun gwada wannan tsari a kan masu keke 'yan sha'awa a binciken da suka fitar a 2013, kuma ya fi na minti 4 da na minti 16 amfani. Sauran ranakun tafiyar hira ce, da doguwar fita ɗaya a ƙarshen mako, da rana guda da ba za ka taɓa keke ba. Makonni biyun ƙarshe ka rage yawan awannin da kusan rabi, amma ka bar 'yan gajerun matsawa don ƙafa ta riƙe kaifinta.

Ba ka faɗi abin da kake ci ba, amma ina zargin da cikin wofi kake fita. Makamashin da tsoka da hanta ke ajiyewa ba ya wuce na awa ɗaya da rabi zuwa biyu in ana aiki mai ƙarfi. Duk fitar da za ta haura minti 90, ka riƙa cin abu mai sitaci ko sukari giram 30 zuwa 60 a kowace awa, kuma da ka sauko ka ci abinci sosai, kada ka wuce wurin aiki da yunwa. Furotin kuma, wato sinadarin abinci mai gina jiki, giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinka a rana. Mai kilo 70 yana bukatar tsakanin giram 84 da 140.

Barci ya fi duk wannan. Kada ka kwatanta kanka da 'yan Tour de France, babbar gasar keke ta Faransa, da ke yin zango 21 cikin mako uku. Su da sun sauka daga keke akwai mai yi musu tausa, akwai mai dafa musu abinci, ba su da wani aiki sai kwanciya. Kai kuwa kana sauka za ka yi wanka ka tafi aikin awa takwas. Tunda sammako kake yi, ka kwanta da wuri yadda za ka samu awa bakwai zuwa tara.

In ka yi mako biyu a haka gajiyar ba ta sake ka ba, ka ga likita a duba jininka, domin ƙarancin jini kan zo da irin waɗannan alamu. Ciwon ƙirji, jiri ko bugun zuciya mai tsalle kuwa ba a jira da su ko kwana ɗaya.

Tambaya: Koci, ni mace ce mai gudun kilomita 10. Bayan na gama nakan wuni da ciwon kai. Lita nawa ya kamata in sha?

Amsa: 'Yar'uwa, ba adadi ɗaya ne na kowa ba, gumin wani ya ninka na wani. Ki hau sikeli kafin ki fita, ki sake hawa da kin dawo kin goge jiki. Duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi, sai ki mayar da lita ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi sannu a hankali cikin 'yan awanni, tare da abinci mai ɗan gishiri. In abin da ke raguwa ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinki, ki fara tafiya da gora. Amma kada ki ɗura wa cikinki ruwa ba ƙishirwa: yana tsinka gishirin jini, kuma hakan ya taɓa kashe 'yan gudun fanfalaki. Ciwon kan da bai tafi ba bayan kin gyara wannan, ki kai shi asibiti, a auna hawan jini.

Tambaya: Ina da mura da ɗan zazzaɓi, ga gasa ranar Asabar. In fita in yi gumi ko zai sake ni?

Amsa: A'a Malam, kada ka fita. Wasu ƙwayoyin cutar da ke kawo zazzaɓi kan taɓa tsokar zuciya, kuma matsa wa jiki a wannan hali na iya ƙara haɗarin. Ka bari zazzaɓin ya tafi gaba ɗaya ba da taimakon magani ba, ka ƙara kwana biyu, sannan ka fara da minti 30 a hankali. Ta Asabar ɗin nan ka yafe ta, ka je ka tsaya a bakin hanya ka miƙa wa abokanka ruwa.