An sa mana kwamfuta a asibiti, mu kwashe fayil-fayil?

Tambaya: Ina aiki a ɗakin kati na wani asibitin kuɗi a Jos. An sa mana manhaja, ɗan kwangila ya ce nan da wata biyu a kwashe fayil-fayil a kai sito, wai haka Turawa suka yi. Hankalina bai kwanta ba. Da gaske ne?

Amsa: Malama, kina da gaskiya, ba haka aka yi ba.

Istoniya, ƙasar Turai da ake yawan buga misali da ita, ta buɗe rumbun bayanan lafiya na ƙasa a 2008, takardar magani ta intanet kuma a 2010. Amma tun kafin nan kowane ɗan ƙasa yana da lamba ɗaya, kuma tun 2001 suna da X-Road, hanyar da ma'aikatu ke musayar bayanai. Indiya ma da lamba ta fara, lambar lafiya ta ABHA mai alƙaluma 14, da aka buɗe wa ƙasar baki ɗaya a 2021. Ingila kuwa daga sama ta ɗauko abin a 2002, tsari guda ga asibitocin gwamnati, ba a saurari likitoci da nas-nas yadda ya kamata ba. A 2011 aka rushe shi, jimillar kuɗinsa kuma aka ƙiyasta ta kai kusan fam biliyan 10.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaton cewa kwamfuta ta san majiyyaci. Ba ta san kowa ba, abin da aka buga mata kawai take riƙewa. Mutum ɗaya yau a rubuta shi Muhammad, gobe Mohammed, jibi Mamman, ya tashi da fayil uku. Gargaɗin cewa jikinsa ba ya karɓar penisilin yana cikin na farko, likita kuma na uku ya buɗe. Mafi muni, A'isha Abubakar biyu, duk an sa musu 1 ga Janairu don ba su san ranar haihuwarsu ba, sai wani ya haɗe su fayil ɗaya, rukunin jinin wannan ya hau kan waccan. A takarda, ke da kika san su za ki lura. A allo komai tsaf yake, kowa sai ya yarda. 'Yan kwangila ba sa faɗin wannan, tunda kuɗinsu a kan sa manhaja yake.

Saboda haka kada a buɗe sabon fayil sai an bincika da abu uku: NIN in akwai, lambar waya, da sunan mahaifiya. Haɗe fayil biyu a bar shi hannun mutum ɗaya, da takardun duka biyun a gabansa. Kowane ma'aikaci da kalmar sirrinsa. In ana karɓa-karɓa da guda ɗaya, ba za a taɓa gane wanda ya canza magani ba, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023 a kanku.

Takarda da kwamfuta su tafi tare har sai an tantance tsoffin fayil ɗaya bayan ɗaya. A tanadi fom na ranar da aka ɗauke wuta, a shigar da su da zarar ta dawo. A kwafi bayanai kullum a ajiye wajen ginin, kuma duk wata a gwada dawo da su, don kwafin da ba a gwada ba yakan ƙi buɗewa.

Ki gaya wa mai asibitin ya sa a yarjejeniya cewa bayanan na asibiti ne, kuma ranar da aka rabu za a miƙa su a tsarin da wata manhaja za ta iya karantawa, irin FHIR. In ɗan kwangila ya ƙi sa hannu, kada fayil ko ɗaya ya bar ɗakin kati.