Kar ka sake loda komai, nemo sunan katin tukuna

Kai yaro na ga saƙonka jiya da daddare, wai tsohuwar Dell ɗin nan da ɗalibar ta kawo daga Tudun Wada ka sa mata Lubuntu, wato Linux mara nauyi, komai ya hau lafiya amma wayales ya ƙi fitowa, kana tambaya ko ka sake lodawa ko ka mayar mata da Windows kawai a huta. Kar ka yi ko ɗaya. Inji mai ram giga 2 in ka ɗora masa Windows 10 ai ka gama da shi, kuma ko sau goma ka sake lodawa haka zai fito tunda har yanzu ba ka san wane katin wayales ne a cikinta ba.

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Buɗe tamina, tagar da ake buga umarni, ka buga rfkill list. In ka ga Hard blocked: yes to makunnin wayales ne aka kashe, a Dell da yawa Fn da F2 ne, wasu kuma ɗan abu ne a gefe da ake turawa da yatsa. Ni kaina na taɓa kashe yini guda a kan wata HP, fitilar maɓallin F12 tana nan ruwan lemo a gabana ban kula ba, sai bayan la'asar na danna ta koma fara. In kuma Soft blocked ne, sudo rfkill unblock all ya wadatar.

Sai ka buga lspci -nn ka nemo layin Network controller, lambobin ƙarshen layin su nake so ka karanto min. 8086 Intel ne, 168c Atheros, waɗannan yawanci ba sa ba da wahala. Amma zuciyata tana ba ni 14e4 za ka gani, wato Broadcom, shi ne ciwon kan waɗannan injinan na gwanjo. Katin lafiyarsa ƙalau, ɗan fayil ɗin da ke tada shi ne kamfanin bai yarda a riƙa rabawa haka kawai ba, shi ya sa bai zo a cikin filashin da ka yi lodi da shi ba. In 14e4:4315 ne, BCM4312 ke nan, sudo apt install firmware-b43-installer sannan ka kashe ka kunna. In 14e4:4365 ne wannan direban wl yake so (direba ita ce manhajar da ke sarrafa katin), bcmwl-kernel-source ko broadcom-sta-dkms gwargwadon Lubuntun da ka sa. Don Allah kar ka zuba duka biyun, b43 da wl, wai ko ɗaya zai kama, wl yana toshe b43 ne, ka dawo kana cewa Oga na yi bai yi ba.

Za ka ce da wace intanet zan sauke tunda babu wayales. Wayarka mana, jona ta da kebul ka kunna USB tethering, wato raba datan wayar ta kebul, Linux zai ɗauke ta kamar kebul ɗin intanet nan take, datan da zai ci ba wani mai yawa ba ne.

In lspci bai nuna katin ba sam, to aikin sukudireba ne. Cire batir, buɗe murfin ƙasa, zare katin ka goge haƙoransa don ƙurar hunturun Kaduna ba inda ba ta shiga, ka mayar. Wayoyin eriya biyun nan, baƙa da fara, da farce ake danna su a hankali har ka ji ƙas, kansu saurin lalacewa gare shi. Ya ƙi duk da haka, akwai katin Atheros AR9285 a cikin matattun laftof ɗin ƙarƙashin tebur, Dell ba ta cika ƙin baƙon kati ba, tsofaffin HP da Lenovo ne masu wannan halin, Lenovo har saƙon kuskure mai lamba 1802 take rubuto maka ta tsaya cak.

Gobe ka fito da wuri da kebul ɗin wayarka mu gama kafin a ɗauke wuta, yarinyar ta ce jibi take da jarrabawa.